Mikisa mai gurnani a Yamai: daidaita wutar RC4194 tsakanin raunin kuran da zafin bazara

A ƙarshen watan Afrilu aka kawo wata tsohuwar mikisa, na'urar haɗa sauti mai layi takwas, wani shagon gyaran rediyo a Bukoki. Ta wani mai hayar sono ce, irin masu kai bafil da mikoro wurin biki da suna da wa'azi. Ya ce: "Malam, da magariba ta yi sai ta kama gurnani kamar an ɗaure injin niƙa a cikin bafil. Ko na rufe dukan maɓallan ƙara, kukan yana nan." Da aka ƙara bin diddigi sai ya ce ciwonta na farko ba gurnani ba ne. Ɗaukewa take yi da tsakar rana, musamman in an sa ta a gurup, wato injin ba da wuta, sai an bar ta ta huce ta dawo da kanta. Wani ya taɓa ta, ɗaukewar ta daina, gurnani ya maye gurbinta. Kafin wannan ma wani ya taɓa canja mata ƙananan aisi huɗu da suka mutu a rana ɗaya (aisi shi ne ɗan baƙin sashen nan mai ƙafafu da yawa da ke ɗauke da da'irar lantarki a cikinsa).

Waɗannan abubuwa uku ciwo ɗaya ne, kuma duk a wuri ɗaya suke haɗuwa: ƙaramin aisi mai ƙafa 14 da ke kusa da transfo, wanda aka rubuta wa RC4194 a baya.

Abin da aisin yake yi

Ƙananan amplifiya na cikin mikisa, irin su TL072, wuta biyu suke ci: layin pilis (+) da layin muwan (−), mas, wato layin sifiri da ake auna sauran daga shi, yana tsakiya. A yawancin na'urori aisi biyu ne ke wannan aiki, 7815 da 7915, kowa da layinsa. RC4194 shi kaɗai yake riƙe layukan biyu. Kamfanin Raytheon ne ya fito da shi, daga baya Fairchild ya ci gaba da yin sa. Yana da ƙane, RC4195, wanda aka ɗaure a kan 15 V tun daga masana'anta. Shi kuwa 4194 mai gyara ne ke zaɓa masa tansiyon da zai fitar, wato yawan volt.

Dole a san abu ɗaya kafin a ɗauki turnabis: layukan biyu ba tagwaye ba ne, uba da ɗa ne. Layin muwan shi ne uba. Rezistans ɗaya da takardar bayanin aisin ke kira R0 ita ke yanke masa tansiyo, a kan lissafin 2,5 kΩ ga kowane volt, muddin ɗaya rezistans ɗin, RSET, tana kan 71,5 kΩ. Mai son 15 V zai sa 37,5 kΩ, mai son 12 V ya sa 30 kΩ. Layin pilis ba shi da ra'ayin kansa, yana kallon muwan ne yana kwaikwayonsa ta hanyar rezistans biyu na 20 kΩ da ke cikin aisin, waɗanda mahaɗarsu ta fito waje a ƙafar da aka rubuta wa Bal. Saboda haka in muwan ya karkace pilis zai bi shi, amma in pilis kaɗai ya karkace, juya R0 ba zai warkar da shi ba.

Takardar ta kuma shimfiɗa iyakoki biyu. Na farko, tansiyon da ke shiga dole ya fi wanda ke fita da aƙalla 3 V a kowane lokaci. Na biyu, aisin mai jikin roba yana ƙara zafin digiri 160 a cikinsa ga kowane wat ɗaya da ya ƙone, kuma ba a so cikin nasa ya wuce digiri 125. In ya kai wajen 175 yakan kashe kansa har ya huce. Duk abin da ya faru da wannan mikisa tsakanin waɗannan iyakoki biyu ya faru.

Abin da aka tarar

An buɗe murfi aka auna, wutar gari tana kan 220 V. Transfo mai 15-0-15 ne, yana ba da 15,4 V a kowane gefe da kaya a kansa. Bayan diyod, ƙololuwar tansiyon ta kai 21 V: a ninka 15,4 da 1,414, a cire 0,8 na diyod ɗaya. Miltimetir a kan DC ya nuna −16,4 V a muwan da +16,9 V a pilis. Yaron shago ya dubi lambobin ya ce, "Maigida, ai wutar lafiya lau take, kusan daidai suke." Ba a nan gizo ke saƙa ba. Miltimetir a kan DC matsakaici yake nunawa, ba ya ganin rawar da tansiyo ke yi sau 100 a cikin daƙiƙa ɗaya.

Ganin wannan rawa yana buƙatar dabara in babu osiloskop, na'urar da ke zana rawar wuta a kan gilashi. Miltimetir mai arha, irin DT830, in an juya shi kan AC aka ɗora a layin DC, lambar banza yake bayarwa, kusan ninki biyu na abin da ke wurin, kuma mafi ƙanƙantar matakinsa 200 V ne. Abin da ya fi aiki shi ne kunne. A ɗauki kondo (sashen da ke tara wuta ya sake ta) na 100 nF, a liƙa ƙafarsa ɗaya a wayar shigar ƙaramin ampili mai batir, a haɗa mas da mas, a rage ƙara sosai, sannan a taɓa layin da ɗaya ƙafar. Layin muwan ya yi shiru sai ɗan huci. Layin pilis ya yi ruri. Manhajar wayar salula mai nuna mitar sauti ta ce 100 Hz ne, wato daga bayan diyod yake zuwa. Da 50 Hz ne da an fara zargin waya maras mas ko transfo da ya kusanci layin mikoro.

Daga nan aka kashe wuta, aka sauke manyan kondo biyu ta rezistans na 1 kΩ, aka cire su aka auna. A jikinsu an rubuta 470 µF. Na pilis ya ba da 190, na muwan 310. Na pilis ɗin yana manne da transfo, robar jikinsa ta tsuke ta ja baya har gwangwanin ya bayyana, ƙarƙashinsa kuma akwai wani busasshen tabo mai ruwan ƙasa. An yanke layin da ke zuwa babban allo aka sa miltimetir a tsakani: pilis yana jan 52 mA, muwan 44 mA.

Kondo kamar randa ce da ake zuba mata ruwa sau 100 a daƙiƙa, ana kuma ɗiba ba tsayawa. Yadda ruwan ke sauka tsakanin zubi da zubi ana samun sa da raba abin da ake ja da 100 sau girman kondon. A pilis, 0,052 a raba da 0,019 ya ba da kusan 2,7 V. Ke nan tansiyon shiga yana hawa 21 V ya gangaro 18,3 V, ya sake hawa. Mai son fitar da 16,4 V kuwa yana buƙatar 19,4 V a gindin wannan rawa. A muwan saukar 1,4 V ce, gindinta 19,6 V, da ƙyar ya tsallake. Shi ya sa ɗaya ke shiru ɗaya ke ruri tun wutar gari tana cike. Da magariba, lokacin da unguwa ta kunna fanka da firji da kilimatiza, in wuta ta sauka 190 V ƙololuwar ma 18 V take komawa, dukan layukan su zube.

A bayan allon aka ga abin da ya ƙarasa lalata pilis. An liƙa rezistans na 220 kΩ a karkace, da dunƙulen dalma mai duhu, daga ƙafar Bal zuwa fitar muwan. Ba na masana'anta ba ne. A bayyane yake mai gyaran ya ga pilis ya gaza muwan a miltimetir, ya ɗauka daidaiton ne ya goce, ya nemi ɗaga shi. Rezistans a wannan wuri yana ninka umarnin da pilis ke bi da 1 a tara da 20 bisa 220, wato 1,09. Aka ce wa pilis ya fitar da 17,9 V daga wutar da gindinta 18,3 V ne. Aisin ya buɗe ƙofa gaba ɗaya, duk rawar da ke shigowa ta wuce kai tsaye cikin TL072. An je neman gira an rasa ido.

Yadda ciwon ya biyo juna

R0 a wannan allo kashi biyu ne: rezistans tsayayye na 33 kΩ da ƙaramin mai juyawa na 10 kΩ, buɗaɗɗe, irin wanda ake ganin baƙin zoben gawayinsa a fili. Da aka ɗan ƙwanƙwasa shi da gindin turnabis, allurar ma'auni ta yi tsalle. Ƙurar hunturu ta shekaru ta cika shi, kuma ƙafa biyu kawai aka yi amfani da su, ta tsakiya da ta gefe ɗaya. Tunda tansiyon fita yana bin girman R0 ne, duk lokacin da harshen tsakiya ya ɗaga daga zoben, R0 ya yanke ke nan, aisin ya tura layukan sama har kusa da abin da ke shiga. TL072 ba ya jure abin da ya wuce 18 V a kowane gefe. Wannan shi ne bayani mafi kusa ga mutuwar aisi huɗu a rana ɗaya.

Mai gyara na farko ya maye su da NE5532. Ƙafafunsu takwas iri ɗaya ne, yana shiga ramin TL072 daidai, kuma sunansa ya yi kyau a bakin masu sono. Amma TL072 yana cin wajen 2,8 mA, NE5532 yana cin wajen 8 mA. Huɗu sun ƙara wa kowane layi fiye da 20 mA. Ga lissafin zafi a wancan lokaci, fita tana kan 15 V, gurup yana ba da 240 V: shiga kusan 22 V, tazara 7 V, a ninka da 96 mA na layukan biyu, 0,67 W. A ƙara 0,06 W na abin da aisin ke ci don kansa. 0,73 W sau 160 ya ba da digiri 117 a kan zafin cikin akwatin. An auna cikin akwatin a shago da rana ya kai digiri 55, a ƙarƙashin rumfar tanti kuwa ya fi haka. 117 da 55 sun kai 172, gab da inda aisin ke kashe kansa. Ɗaukewar tsakar rana ke nan.

Mai gyara na biyu ya murɗa mai juyawar sama, wataƙila da tunanin wuta ce ta yi kaɗan. Abin mamakin shi ne hakan ya sanyaya aisin da gaske, don tazarar da yake ƙonawa ta ragu. Ɗaukewa ta tsaya, aka biya shi, da magariba gurnani ya fara.

Zaɓen lambar

Ra'ayin farko da yakan zo wa mai gyara a nan shi ne a saukar da fita zuwa 12 V a huta, tunda 12 da 3 sun zama 15, in an ƙara girman kondo, wutar gari ko ta faɗi 165 V za ta riƙe. Gaskiya ne gurnani zai tafi. Amma duk volt ɗin da aka rage a fita, cikin jikin aisin yake komawa ya zama zafi. Da kayan da aka tarar, 96 mA, a 220 V kawai, 9 V sau 0,096 ya haura 0,86 W. Mikisar ba za ta kai ƙarshen kiran sallar azahar ba. Gaba kura baya sayaki: a ɗaga, gurnani, a sauke, ɗaukewa. Hanyar fita ita ce a faɗaɗa filin da ke tsakani tukuna, sannan a zaɓi lamba.

An faɗaɗa shi ta wuri uku. An sa sababbin kondo na 2200 µF, 35 V, masu rubutun 105°C a jiki, aka ɗan nisanta na pilis da transfo da tsawon ƙafafunsa. An cire NE5532 huɗun aka mayar da TL072 a kan soket. Mai sonon ya so ya yi gardama a nan, don an gaya masa 5532 ya fi. A wasu wurare ya fi, amma allon da aka zana don TL072 sau da yawa ba shi da kondo tsakanin maɓallin ƙara da shigar aisin, shi kuwa 5532 yana jan ɗan kuran ta shigarsa, sai maɓallin ya riƙa ƙarar yashi in ana murɗa shi. Layukan da aka canja wa aisi su ne dai masu wannan ƙarar. Na uku, jerin fitilun LED masu nuna ƙarfin sauti, waɗanda ke jan 8 mA daga pilis, an ɗauke su aka ba su 7812 nasu daga babban kondo kai tsaye. Bayan haka kowane layi ya koma 23 mA, rawar shiga ta sauka zuwa 0,1 V.

Yanzu lissafi ya yi sauƙi. An ɗauki 180 V a matsayin mafi ƙarancin wutar da ake so mikisar ta jure. A 180 V transfo zai ba da 12,6 V, ƙololuwa 17 V, gindi 16,9 V. A cire 3, saura 13,9. Aka zaɓi 13,8 V, wato R0 na 34,5 kΩ. Ta ɓangaren zafi, a 220 V tazara 7,2 V sau 46 mA, a ƙara na aisin kansa, 0,39 W, cikin aisin zai tsaya wajen digiri 117 in akwatin yana 55. A 240 V ya zama 0,48 W da digiri 132, ya ɗan haura iyaka. Da 12 V aka zaɓa, lambobin za su zama 130 da 146. Ko da kaya marasa nauyi, 12 V ba ta dace da wannan transfo a wannan gari ba.

Akwai mai tambayar ko sauti ba zai ragu ba. TL072 yana kaiwa kusan volt ɗaya da rabi ƙasa da layin wutarsa. A 15 V ƙololuwar sauti 13,5 V ce, a 13,8 V ta zama 12,3 V. Bambancin bai kai desibel ɗaya ba, kuma babban ampili da volt ɗaya ko ɗaya da rabi yake cika bakinsa. Ƙarfin sauti ba daga nan yake zuwa ba, abin da ya kamata a riƙa gaya wa duk mai son murɗa wannan ɗan abu.

Daidaitawar kanta

Ba a daidaita wuta da babban allo a haɗe. An bar layukan biyu a yanke, aka rataya rezistans na 560 Ω mai wat ɗaya daga kowane layi zuwa mas. A 13,8 V kowanne yana jan kusan 25 mA, daidai da abin da mikisar za ta ja. In an daidaita ba kaya, lambar za ta yi kyau a tebur amma ba a gwada komai ba, in kuma an daidaita da allon a haɗe, zamewar turnabis sau ɗaya ta isa ta sake kashe ƙananan aisin da ke kansa.

An cire rezistans na 220 kΩ daga Bal, aka share wurin da giyar goge allo. An auna RSET bayan ɗaga ƙafarta ɗaya, ta ba da 71,3 kΩ, aka bar ta. Wannan rezistans ba a yi mata kusan-kusan. Wanda ya rasa 71,5 kΩ a kasuwa ya jera 68 kΩ da 3,3 kΩ, amma ya nemi masu zobe biyar na kashi ɗaya cikin ɗari, don masu zoben zinariya suna yawo da zafi, kuma duk yawon da suka yi layukan biyu za su bi su.

Tsohon mai juyawa na 10 kΩ an jefar da shi. A wurinsa aka sa rufaffe na 2 kΩ, shuɗin nan mai ƙusar tagulla da ake juyawa sau da yawa, irin wanda ake samu a matattun allunan da ake sayarwa a Katako. Dalili biyu ne. Da 33 kΩ a gabansa, iyakar tafiyarsa daga 13,2 V ce zuwa 14 V, ko wani ya sake kai masa turnabis ba zai iya kai wuta inda za ta yi ɓarna ba. Sannan an haɗa ƙafar tsakiya da ta gefe ɗaya da dalma, ta yadda in harshen ya ɗaga wata rana, R0 zai tsaya a 35 kΩ maimakon ya yanke. Lissafin 2,5 kΩ ɗin yana da sassaucin kashi biyar cikin ɗari sama ko ƙasa daga aisi zuwa aisi, don haka in mai juyawar ya ƙare bai kai lambar ba, tsayayyen ake canjawa, ba a ƙara girman mai juyawar.

An fara da mai juyawar a ƙasa, aka kunna wuta, baƙar wayar miltimetir a mas na kusa da manyan kondo, ja a fitar muwan. Ya nuna −13,3 V. Aka bar shi minti goma ya ɗumama, sannan aka juya a hankali har −13,80 V. Sai a lokacin aka duba pilis: +13,71 V. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma TL072 bai damu da shi ba. Wanda ya nace sai sun yi daidai zai buƙaci wajen 3 MΩ daga Bal zuwa muwan, rezistans mai girman da ƙura da raɓar damina a bayan allo za su iya canja masa lissafi. An bar Bal ba kowa a kanta. Amfaninta na gaske shi ne inda ake son layukan su bambanta da gangan: 20 kΩ daga Bal zuwa muwan yana mayar da −6 V ya haifi +12 V, 100 kΩ daga Bal zuwa pilis kuma yana mayar da −6 V ya haifi +5 V.

Tunda allon yana hannu, an duba ƙananan kondo da ke hana aisin kaɗawa, wato fitarsa ta riƙa rawa da kanta da sauri. Na 1 nF biyu a ƙafafun Comp suna nan lafiya. Na tantalum mai 4,7 µF a fitar muwan shi ma yana nan, kuma a daidai: ƙafarsa mai alamar + tana mas. Nan ne masu koyo suka fi faɗawa, don hannu ya saba kai + wurin layi. Tantalum da aka juya baya yakan toshe ko ya fashe. Alamar kaɗawa, ga wanda zai gamu da ita, ita ce lambar miltimetir ta riƙa canjawa da an matsar da waya ko an kusanto da yatsa, aisin kuma ya yi zafi ba kaya a kansa. An ƙara diyod 1N4007 biyu: ɗaya a muwan, zobensa na fari yana kallon mas, ɗaya a pilis, zobensa yana kallon layin. A zaman lafiya ba sa yin komai. In wutar gari ta faɗi ƙasa sosai, fitar muwan ta wannan aisi tana iya haurawa sama da mas, diyod ɗin ne zai tare ta.

Gwaji da wutar da ba ta cika ba

Gyaran da aka gwada da wutar safe kawai ba a gwada shi ba. Shagon ba shi da bariyak, transfon da ake murɗawa a rage ko a ƙara wutar gari, sai aka yi amfani da wani transfo na 18-0-18 mai ampa ɗaya. Ana ba shi wutar gari a gefen farko kamar kullum, sannan a jera gefensa na biyu a kan wayar da ke zuwa mikisa. In aka jera shi ta fuska ɗaya yana ragewa, in aka juya wayoyin yana ƙarawa. Rabinsa yana ba da 202 V ko 238 V, dukansa yana ba da 184 V. A kula, duk wayoyin wannan haɗi wutar gari ce tsirara a jikinsu, a rufe su da domino, kada a canja haɗi sai an zare fulogi, kuma kada a kuskura a ba na'urar 256 V na ɗaya fuskar.

A 202 V da 184 V layukan ba su motsa ba, ƙaramin ampili mai batir ya yi shiru a dukansu. Aka mayar da babban allo, aka sake aunawa: −13,79 da +13,70. A 238 V aka rufe murfi, aka bar ta awa ɗaya da wayar auna zafi ta miltimetir manne a bayan aisin. Ya kai digiri 89 a fata, cikinsa kuwa ya fi haka nesa. Lissafin 132 bai yi ƙarya ba. Aka yanko ɗan falle na alminiyom, faɗin santimita biyu, tsawon biyar, aka lanƙwasa shi kamar kwale-kwale, aka manna gindinsa a bayan aisin da man zafi, aka ɗaure shi da ɗigon gam mai ƙarfi a gefe biyu, ana lura kada ya taɓa ƙafa ko ɗaya. Aka huda ramuka shida a ƙasan akwatin ƙarƙashin transfo da shida a bayansa ta sama. Awa ɗaya kuma a 238 V, fatar ta tsaya a 71. Layin 48 V na mikoro mai kondo yana da nasa da'irar daban, ba a taɓa shi ba. An ɗiga jan farce a kan ƙusar mai juyawar, aka rubuta 13,8 V da alƙalami a cikin murfi.

Abin da ya rage

Ƙasa da 180 V gurnani zai dawo, kuma juya mai juyawar ba zai taimaka ba sai kaɗan, don transfo na 15 V ba shi da abin da zai ƙara bayarwa. An gaya wa mai sonon haka, aka kuma ce ya riƙa auna gurup kafin ya haɗa kaya, kada ya ajiye mikisar a kan babban ampili inda zafi ke tashi.

In wata rana aisin ya mutu, neman sabon RC4194 a Yamai ɓata lokaci ne, kuma wanda aka ciro daga tsohon allo ba a san wahalar da ya sha ba. Abin da ke samuwa shi ne LM317 a pilis da LM337 a muwan. Dukansu suna riƙe 1,25 V tsakanin fita da ƙafar ADJ, don haka 120 Ω daga fita zuwa ADJ da 1,2 kΩ daga ADJ zuwa mas suna ba da wajen 13,8 V ɗin nan dai. Ba sa bin juna kamar layukan 4194, kowanne za a auna shi shi kaɗai, kuma 120 Ω ɗin yana ƙara wa kowane layi 10 mA da za a sa a lissafi. Ƙafafunsu ma ba iri ɗaya ba ne: in rubutu yana kallonka, ƙafafu ƙasa, LM317 daga hagu ADJ ne, fita, shiga, LM337 kuwa ADJ, shiga, fita. Ƙarfen bayan LM317 fita ne, na LM337 shiga ne, sai an sa maika, ɗan fallen da ke hana wuta wucewa, da zoben roba kafin a ɗaure su a alminiyom ɗaya. Da su a jikin akwatin zafi ya daina zama matsala, a lokacin ne za a iya sa transfo na 18-0-18, a mayar da fita 15 V da 1,3 kΩ a wurin 1,2 kΩ. Manyan kondo na 35 V da aka riga aka sa za su ɗauki ƙololuwar wajen 28 V da zai bayar a 240 V.